Shafin Arewa

Yayana yana da wani akwatin ƙarfe, irin na 'yan makarantar kwana, cike da littattafan rubutu da ba a taɓa ɗiga musu ko wasali ba. Malamin firamare ne a nan Birnin Gwari, kuma tun ina ƙarama na san shi da wannan ciwo. Wasu mazan tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, shi kuwa farar takarda ce. Duk wanda zai je Kaduna, ko a lokacin da kowa ke tsoron hanyar, sai Yaya ya bi shi tasha da sautu: littafi mai bango mai tauri, biro mai kala huɗu, rula ta ƙarfe. Ran Asabar da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya shinshina, ya mayar. Idan matarsa ta nemi abin da za ta rubuta lambar waya, kwalin ashana yake yago mata.

Shekarar da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan Randagi, aka ɗauko mana kakarmu a bayan mashin, ita da ƙullin kayanta. Ita ta haifi babanmu, shi kuma ya riga ta rasuwa. 'Yar Gbagyi ce, a gidan aure da kasuwa ta koyi Hausa, kuma har ta tsufa ba ta damu da raba namiji da mace a magana ba. Akuya a wurinta "ya gudu", rago "ta dawo". Kowa ya gane, ba wanda ya taɓa kamo mata rago a madadin akuya. Mu jikokinta kuwa, da karatunmu da komai, gaisuwa kaɗai muka iya da harshenta, ita ma a karkace. Yaya ne ɗan gaban goshinta. "Maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika, shi kuma ya riƙa cika yana batsewa.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne gonar kakanmu da ta baro. Gona ce babba, da fadama ta arewacinta inda ake shinkafa, kuma ba ta da takarda ko ta ƙunsa ƙosai. Iyakokinta suna cikin kan Kaka kawai, itace bayan itace. Ta ce a rubuta tun tana da numfashi, don ran da za a koma kada a tarar wani ya matso da kunyar gonarsa. Ga marubuci a gida, ga littattafai akwati guda, ai sai ka ce an gama.

Sati uku Yaya ya yi yana zaɓen littafi. Wannan layinsa ya yi faɗi, wancan takardarsa tana shan tawada, wancan kuma ya yi kyau da yawa. Da ƙyar ya sadaukar da wani mai baƙin bango. Ya ƙara kwana biyu yana ja masa layi da rula, ya ware shafi huɗu, ya rubuta Gabas, Yamma, Kudu, Arewa, kowanne da jan biro a ƙarƙashinsa. Sannan ya aiko a gaya wa Kaka ya shirya, kamar mai ba da ranar jarrabawa.

Bayan la'asar suka zauna a tsakar gida. Ina gefe ina tsince wake, wayata a cinyata. Kaka ta fara da gabas, ta ce daga ɗorawan da ya faɗi. Yaya ya ɗaga biro ya ce, ɗorawar da ta faɗi. Ta yi dariya ta wuce. A yamma rafi ya zama mace a bakinta, ya gyara. A kudu kaɗanya ta zama namiji, ya gyara, har da sa ta maimaita. Tsohuwa tana ƙoƙarin tuno inda surin yake da inda aka binne dutse, shi yana farautar "ya" da "ta". Da suka gama kudu ya ajiye biro, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka wahalar.

"Kaka, ki riƙa yi a hankali," ya ce. "Wannan gwarancin naki ba zai shiga littafin nan haka ba."

Kalmar da muke faɗa wa yaro mai koyon magana ke nan, kuma da ita ake kiran harshen mutanenta. Duk biyun ta ji. Ni kuma na yi dariya. Ba zan ɓoye ba, na yi, kuma har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina fiye da yadda na raina shi.

Kaka ta gyara zama. Ta juya fuskarta arewa, ta fara magana da Gbagyi, a tsanake, tana nuni da hannu, tana karya kwana, tana ƙirga wani abu da yatsu. Ta daɗe tana yi, ba tangarɗa ko ɗaya. Wayar tana nan a cinyata, danna ɗaya ya isa in ɗauki muryarta, amma na saki baki ina kallo. Da ta kai ƙarshe ta dube shi.

"To, Malam, wannan magana ba kuskure a cikinshi. Rubuta."

Na ga leɓen Yaya ya motsa zai ce "cikinta", ya haɗiye. Daga ranar bai sake jin "maigidana" ba.

Na roƙe ta sau da yawa bayan haka, ni kaɗai, da takardar kalanda a hannuna. Kullum amsarta ɗaya, ta riga ta faɗa. Yaya ya ce a ƙyale ta za ta huce, fushin tsofaffi ne. Haƙuri dai bai ba ta ba. Abin da ya yi shi ne ya yi sautun sabon biro na musamman saboda shafin arewa. Biron ya iso, Kaka ta rasu da kaka, ana yankan shinkafa.

Da hanya ta ɗan lafa mutane suka fara komawa noma, muka hau mashin ni da shi zuwa ƙauyen. Littafin yana cikin leda biyu a ƙirjinsa. Muka tarar maƙwabcinmu na arewa ya shuka fadamar gaba ɗaya. Ban ce ƙarya ya yi ba, ya ce nan mahaifinsa ya nuna masa, kuma tsofaffin da za su musa sun mutu ko sun watse. Mai unguwa ya tara mu a inuwa, ya ce tunda an ce akwai rubutu, a karanta.

Yaya ya goge hannu a riga, ya kwance leda. Ya karanta gabas, yamma da kudu da Hausa mai tsabta, irin ta rediyo, kuma ba wanda ya ja da ko itace ɗaya, domin dama ba a kansu ake magana ba. Ya buɗe shafi na huɗu. Mai unguwa ya karɓa, ya duba kalma ɗaya da jan layi a ƙarƙashinta, ya juya bayan shafin ko akwai wani abu, ya miƙa wa maƙwabcin. Shi ma ya daɗe yana kallo kafin ya mayar da hannu biyu.

"Kai, Malam," ya ce, "rubutunka da kyau."

Yaya ya ce ya gode. Ina tsaye kusa da shi, na ga fuskarsa, wallahi ya ji daɗi.