Mutumin da Ya Kai Farfesa Ɗakin Hajiya Awabu

Da an idar da sallar asuba, Malam Mashud Iddrisu zai tsaya wajen mai koko a bakin titin Maamobi, a ɗaura masa koko da ƙosai huɗu, ya hau trotro, motar hayar nan ta cikin gari. Tun da matarsa Rafi'atu ta rasu bai ƙara karya kumallo a gida ba. A ofis yake sha, shi kaɗai, cikin wani ɗaki a ƙarƙashin matattakalar kwalejinmu, inda na'urori ke ta gurnani kuma ko taga babu. Shekara ashirin da shida ke nan yana kula da kwamfutocinmu. Ba mai leƙa shi sai abu ya lalace, in ya gyara kuwa, ko na gode ba kullum ake tsayawa a ce ba. Ni ma mai wannan rubutu ina cikin masu laifin.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma na rantse ba zai fita shiru kamar yadda ya shigo ba.

Bayan korona, da muka gaji da tura lakca ta waya tana ɓacewa cikin hotunan biki, kwaleji ta kafa kwamiti ya zaɓo manhajar koyarwa ta zamani, wato inda malami zai ajiye darasi, ɗalibi ya karanta, ya miƙa aiki, har ya rubuta jarrabawa daga gida. Mu tara ne a kwamitin, kowa da digiri kan digiri. Malam Mashud shi ne na goma, amma ba shi da ƙuri'a, nasa dai ya jona waya ya kunna majigi. Manhaja uku aka kawo mana, ɗaya ta tafi da hankalinmu. Tana kallon ɗalibi ta kamara yana jarrabawa, in ta ga wata fuska ko ta ji wata murya, sai ta rubuta cewa ana satar amsa. Kai, har tafi muka yi!

Aka gwada ta da jarrabawar gaske, ɗalibai arba'in. Ta kama ashirin da uku, kusan dukansu 'yan Nima da Maamobi. Wani abokin aikinmu ya taɓe baki ya ce, "Yaran Zongo ai sai a hankali." Ni haifaffiyar Nima ce, amma wallahi bakina mutuwa ya yi a wurin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Cikin waɗanda aka kama akwai Zuwera, 'yar ajin ƙarshe, ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare. Sau bakwai manhajar ta zarge ta. Hukuncin satar amsa a wurinmu kora ce, aka sa ranar Litinin za a zauna a kanta.

Abass mai gadi ne ya lura kullum bayan azahar Malam Mashud yana fita da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Daga baya Zuwera ta ba ni labari. Ya yi sallama gidansu, ya tambayi inda ta zauna ranar jarrabawa, ya zauna daidai nan, ya jingina wayarsa da gwangwanin madarar da ta jingina tata, ya buɗe tambayoyin. Gida ashirin da uku ya taka cikin kwana biyar, ta lungunan da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace.

Ranar Litinin, a karo na farko cikin shekarun nan duka, ya ɗaga hannu.

"Farfesa, na san ba ni da ƙuri'a," ya ce wa shugaban kwamiti. "Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka zo ka rubuta jarrabawar minti goma a inda yarinyar nan ta rubuta tata."

Farfesa ya yi dariya, amma ya tashi, na bi su. Ɗaki ɗaya ne su Zuwera ke da shi, mutum bakwai ke kwana a ciki. Farfesa ya zauna kan benci ya fara. Minti biyu ba a yi ba, kakar Zuwera, Hajiya Awabu, ta gifta bayansa za ta ɗauki buta, manhaja ta kama shi. Maƙwabciya ta ɗaga labule tana neman aron dutsen guga, ta sake kama shi. Lasifikar masallaci ta kira la'asar, manhaja ta rubuta wai wani yana raɗa masa amsa.

"Hajiya, don Allah a ɗan ba ni wuri," in ji Farfesa, gumi yana keto masa.

"In je ina, ɗana? Bakin kwata?" ta ce. "Nan ne ɗaki, nan ne falo, nan ne makaranta. Injinku bai san gidan mutane ba?"

Sau biyar aka kama Farfesa da satar amsa cikin minti goma.

Aka wanke Zuwera da sauran. Kwamiti ya koma ya ɗauki manhajar da muka raina, marar kwalliya, wadda ke buɗewa a ƙaramar waya, kuma in intanet ya yanke ba ta zubar da aikin ɗalibi. Jarrabawa kuwa ta dawo zauren kwaleji. Rahoto ya fito shafi talatin da sunayenmu mu tara, na duba gaba da baya, babu nasa.

Malam Mashud, kai ne ka tambayi abin da mu masu digiri muka manta, wato a ina ɗalibin zai zauna. Kai ne ka sa ƙafa cikin lungun da na fito daga ciki, a ranar da ni na ji kunyar in tsaya masa. Zuwera yau malamar lissafi ce a Kanda, tana tsayawa gaban allo saboda kai.

Makon jiya na je gaishe shi a gida. Ɗaki ne tsaf, kujera ɗaya, kofi ɗaya a kan tire, hoton 'yarsa da ke aure a Kumasi a jikin bango. Na tambaye shi yadda aka yi ya gane laifin na manhaja ne tun kafin kowa.

"Ai a nan na fara gwada ta, Malama," ya ce. "Awa uku ina zaune a kujerar nan, ba ta kama ni ko sau ɗaya ba." Ya ɗan yi murmushi. "Sai na ce abin da ɗakina kaɗai ya dace da shi, ai ba na 'yan Zongo ba ne. Ni ba mai giftawa ta bayana."

Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba.

Mun gode, Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Rafi'atu. Ku kuma da za ku zauna gobe ku zaɓa wa ɗalibai manhaja, ku yi koyi da shi, ku ɗauki tsohuwar waya ku je ɗakin da za a buɗe ta kafin ku sa hannu. Mu kuwa da muka san shi, daga ranar ɗaya ga wata ba zai ƙara hawa trotro da kokonsa ba, a gida zai sha. Ƙofa ta uku ce bayan famfo, mai shuɗin labule. Ku yi sallama ku shiga, ku gifta ta bayansa.