Karen da Aka Tsinto a Titin Madalla

Ni dai ban roƙi kowa kare ba, wannan nake so a fara sani. A shekarun da aka ɗauke sunan garinmu aka ba sabon birnin da za a gina, mu kuma aka ce mu zama Suleja, maigidana direba ne. Motar masu awon ƙasa yake ja. Sai ya shiga daji da su ya yi kwana da kwanaki, ya dawo min da kayan wanki jajur da ƙasa. Wata rana da damina, bayan la'asar, ya shigo da kwali a hammata ya dire a gabana ina tsaka da tankaɗe. Na ɗauka tsaraba ce. Ina buɗewa sai ga ɗan kwikwiyo jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari, ido ɗaya ya manne da kwantsa.

Na ce, "Wannan fa, Malam?"

Ya ce, "A kwata na tsince shi, gefen titin Madalla. Da ruwa ya tafi da shi."

"To shi ne ka kawo min? Ni ce uwarsa?"

Ya ce in yi haƙuri, da ya ji ƙarfi za a sake shi. Gari na wayewa ya hau motarsa ya yi gaba, ya bar ni da yara biyu, da tsohon mahaifinsa, da kare.

Baba, surukina, mutum ne mai tsantseni a kan tsarki, kuma ba mai faɗa ba. Da faɗa yake yi da na ji sauƙi, don ni ma bakina ba a ɗinke yake ba. Ya kira ni zaure, na durƙusa, ya ce, "'Yata, abu uku ne ke halatta kare a gidan Musulmi: kiwo, gadi, farauta. In ya girma ya nuna ɗaya daga ciki, ya zauna a bayan ɗaki. In bai nuna ba, sai a san inda za a kai shi." Ya ƙara da cewa duk ƙwaryar da ya sa wa baki a wanke ta sau bakwai.

A wanke ta. Wa zai wanke? Ni ce dai. Ni ce mai jan guga, ni ce mai kife kwanuka, ni ce mai rataye butar Baba a ƙusa don kada tsautsayi ya kai harshen nan gare ta. In na manta na bar akushi a ƙasa na shiga ɗauko gishiri, kafin in fito ya riga ni. Hannuwana suka yi kaushi saboda sabulu da toka. Na tsine wa ranar da aka tsinto shi ba sau ɗaya ba, shi kuwa ina tsinuwar yana kwance a gindin turmi yana kallona, wutsiya na share ƙasa.

Da ya fara tasawa sai ya zama abin kallo a unguwa, don babu wanda ya san ko wane iri ne. Ƙafafu dogaye da ƙugu siriri irin na karnukan ƙauye, amma ƙirji faffaɗa, gashi buzu-buzu a wuya da wutsiya. Bayansa baƙi, ƙafafunsa ruwan ƙasa. Kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a kwance, har ya girma ba su daidaita ba.

Mai kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ta ƙare masa kallo, ta ce rantsuwa ba kaffara karen ruga ne, a duba ƙafafun. Matar da ke haya a gidan da ke jikin namu, 'yar kudu ce mai sayar da burodi, ta ce a'a, karen 'yan sanda ne, ubansa na Turawan nan ne da ke sansanin masu awo. Wannan ita ta yi wa Malam daɗi. Har tasha yake kai labari wai yana da karen 'yan sanda a gida, mutumin da bai taɓa kwashe kashinsa ko sau ɗaya ba.

Ni ma fa na yi ta cankar, ba zan ɓoye ba. In ina tsince shinkafa sai in kama kaina ina ƙare wa haƙoransa kallo, ina cewa ko dai na gadi ne. Ba don sha'awa ba. Don maganar Baba ce, kuma don ban san lokacin da na saba da shi ba. Malam na daji, Baba na zaure da carbinsa, yara sun fita wasa, babu mai jin mitata a gidan nan sai shi. Ko rafi zan je wanki yana bayana. Suna ma ban raɗa masa ba, "kai" nake ce masa, kuma yana amsawa.

Sai aka fara gwaji. Kiwo aka fara. Na haɗa shi da awakinmu zuwa bakin fadama, bunsuru ya yi masa ƙaho ɗaya, ya sheƙo gida yana kuka ya shige bayan randa. Gadi kuwa, wata rana da rana tsaka wani ya shigo ya kwashe min zannuwa a kan igiya. Mai burodi ta hango shi ta kan katanga, ta ce wallahi karen ne ya raka shi har bakin titi yana kaɗa masa wutsiya. Ranar na zage shi tas. Na ce, "Kai wane irin asararre ne? Ko haushi ɗaya na ganin ido ba za ka yi ba, mu samu abin faɗa wa Baba?" Ya zo ya kwanta a kan ƙafata.

Saura farauta. Malam ya ɗauko wani tsohon maharbi daga Maje. Maharbin ya buɗe bakin karen, ya ɗaga tafin ƙafarsa, ya ce akwai jinin farauta, amma ba a shiga daji da kunnuwa haka. Su al'adarsu sai an datse kunnen kare, don kada ƙaya ta yage shi ko nama ya samu wurin kamawa. Na ce ba za a fara gwada shi ba tukuna? Ya ce shi tun kakanninsa bai taɓa jin an yi haka ba.

Karen ya ƙi tsayawa a hannun kowa, don haka ni na riƙe shi. Na saka kansa a cinyata, na rufe masa ido da gefen zanena, aka yanke, aka shafa toka. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki, ban damu da wanda ya gani ba. Na yi ta jinyar miki ina korar ƙuda har ya warke, ina gaya wa kaina ai yanzu dai zai zauna.

Da rani ya yi su maharbin suka tafi da shi farauta da sassafe. Kafin azahar ina daka sai na ji abu ya goge ni a ƙafa. Shi ne, harshe waje, jikinsa duk ƙarangiya. Da yamma maharbin ya biyo yana dariya har da riƙe ciki, ya ce bindigar farko da ta tashi ba su sake ganin ko ƙurarsa ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya kira ni ya ce, "An gwada, 'yata."

Na ce, "Baba, ai ba ya shiga ɗaki. Kuma ni ke wanke komai."

Ya ce, "Na sani, Allah Ya yi miki albarka. Amma ni na tsufa. Kullum in na tayar da salla sai in yi ta tunanin ko ya taɓa tabarmar nan. Ba na so in tafi da shakka a ibadata."

Me zan ce wa wannan? Da mugunta ce da na san abin faɗa. Na ce to, na tashi.

Malam ya ce ya samu wani mutum daga wajen Garam da ke neman karen gona, zai jira a bayan kasuwa ranar da take ci. Ana gobe kasuwar aka kira Malam aiki, ya hau mota ya tafi. Ni ce dai kuma. Na ɗaura wa karen igiya don idon mutane kawai, ko babu ita zai bi ni. Muna tafe yana ta murna, ya ɗauka rafi za mu.

Mutumin na tsaye a gindin mangwaro da kekensa. Muka gaisa. Na buɗe baki zan yi masa bayani cewa ba ya haushi, yana tsoron bunsuru, a bi shi a hankali. Bai saurare ni ba, bai kuma tambayi ko wane iri ne ba. Ya tsuguna ya matsa cinyar karen, ya shafa haƙarƙarinsa, ya ɗaga shi sama kaɗan ya sauke, yadda nake yi wa kaza in zan saya. A lokacin ne na lura da kwandon da ke bayan keken. Karnuka biyu ne a ciki, an ɗaure musu baki da tsumma.

Na ce, "Bawan Allah, wace irin gona ce gare ka haka?"

Ya yi murmushi. Na gane, shi ma ya san na gane. Na juya na dubi hanyar gida, inda Baba ya riga ya yanke magana. Na dubi hanyar daji, inda ko yini ɗaya ba zai yi ba zai dawo ƙofarmu. Na lissafa duk wanda na sani a garin nan, ban samu ko mutum ɗaya da zai karɓi kare mai datsattsen kunne da ba ya kiwo, ba ya gadi, ba ya farauta ba. Na gaji, wallahi na gaji, kuma zuciyata kamar ta tsage.

Mutumin ya miƙo hannu, na ba shi igiyar. Ya sake matsa cinyar, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Uwar gida, kin iya kiwo."