Farar Motar da Ta Kai Yunwa Guci

Na ga ɗalibai iri-iri a yawona. A Faransa sai ka iske su a ɗakin gwaji, fuska kamar an yi musu rasuwa. A Sudan gardama ce abincinsu. A Kano na san wanda ya rubuta kundi guda kan shinkafa, bai taɓa jiƙa ƙafarsa a fadama ba. Amma jikata kaɗai na ga ta kashe gari guda da yunwa a kan takarda.

Karatun digiri na biyu take yi a fannin noma, tana binciken ko hatsin da mutane suka noma yana kai su damina. Jami'a ta ara mata farar mota, ta nufi Guci, garin dangina, da tarin takardu. To, a wajenmu farar mota abu ɗaya take nufi: ƴan proje sun zo rubuta waɗanda za a raba wa taimako. Duk magidancin da ta tambaya sai ya marairaice, wai tsutsa ta cinye gero, rumbu wayam. Har wani abokina mai rumbuna cike ya ce rabonsa da tuwo tun Sallah.

Malaminta ya karanta, ya ce wace Gucin? Shi kwanan nan ya sayo gero a kasuwarta. In ba ta sake aikin ba, ba za ta zauna gaban masu jarrabawa bana ba.

Ta iske ni a gidana da ke Magariya, ido a kumbure. Na ce, "Amaryata, ke ce kika saukar wa dangina fari?"

"Tsoho, ƙyale ni. Abokanka maƙaryata ne."

"Ba ke suka yi wa ƙarya ba, motar suka yi wa."

Da girbi ya zo muka koma Guci tare a bayan kabu-kabu. Na shaida wa kowa jikata ce, ko ƙwayar shinkafa ba ta rabawa. Ta sauka gidan abokin nan nawa, tana bin mata wajen sussuka, tana ganin damin da ke shiga rumbu da wanda ake kai kasuwa saboda suna ko biki. Ranar da ta tuna masa zancen Sallah, bakinsa cike da loma yake. Ya ce, "Ci tuwonki, ƴar nan. Wannan kada ki rubuta."

Ta ci jarrabawarta. Babin da aka fi daɗewa a kai shi ne inda ta bayyana yadda motar ta ɓata mata aikin farko. Yanzu, in ji ta, malamin a bakin hanya yake sa a sauke ɗalibansa, su ƙarasa gari da ƙafa.