Rigar Simintin da Aka Sa wa Zauren Baba

Wana ya dawo daga Faransa da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na hotuna. Ma'aikacin buro ne, wato ofishin gwamnati, a Konni, aka tura shi ƙaro ilimi 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ban san ilimin da ya ƙaro ba. Abin da na ga ya ƙaro dai shi ne ɗaga hanci.

Duk Lahadi sai ya zo gidanmu a Tsarnawa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya baza hotunan. Ga majami'ar dutse mai tsini, ga gada, ga fadar wani sarki da ya mutu tun tuni. A kowane hoto yana tsaye a tsakiya cikin kwat, ya tare rabin ginin, kai ka ce shi ya haƙa harsashinsa. Har Roma ya je takanas don ya kalli kango. Kango dai irin wanda awaki ke kwana ciki a garinmu, amma da yake na Turawa ne, a hoton ya cire hula ya rungume ta a ƙirji.

Zauren da yake zaune ciki yana wannan baje koli, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi rufinsa ba. Babanmu magini ne, ni ma a hannunsa na koyi sana'ar, lokacin har na yi aure. Shi ya gina zauren da ƙuruciyarsa, da tubali da azara. Baka huɗu na ɗaurin rufi, masu lanƙwasa kamar bakan gizo, suka taso daga bango suka haɗu a sama, babu ginshiƙi ko ɗaya. Mutanen Bazaga da Alela in hanya ta biyo da su sukan shigo don kawai su kalla. Kowace shekara kafin damina mukan kwaɓa ƙasa mu yaɓe shi, mu gyara indararo. Baba da tafin hannunsa yake shafewa, shatin yatsunsa na nan ko'ina a jikin bangon.

Yaya, wan nan nawa, ɗan fari ne, saboda haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya kuma yi masa magana ido da ido. Kunya ce ta mutanen da. Ran nan Baba ya ɗauki hoton wata majami'a ya kawo kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, sai ya juyo gare ni.

"Tambaye shi, wanga baka da mi sunka tallabe shi kahin shi kama?"

Yaya bai sani ba. Wata shida yana kallon gine-gine, bai taɓa tambayar yadda suke tsaye ba.

"To, wa ka yi musu yaɓe?"

Yaya ya kwashe da dariya. "Baba, can ba a yaɓe. Gini sai shi yi ɗaruruwan shekaru ba a taɓa shi ba. Mu ad da wahala, kullum hannu cikin laka kamar zanzaro."

Ba a yi wata ba ya zo da shawara. Tunda yanzu ana yin siminti nan kusa a Malbaza, zai sa a lulluɓe zauren da shi, Baba ya huta da yaɓe har abada.

Na ce, "Yaya, ƙasa ba ta shiri da siminti. Bango shina shan ruwa shina hitar da shi. In ka toshe mai hanya, daga ciki za shi ruɓe."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ba ka taɓa wuce Sakkwato ba, kai za ka hwaɗa min gini?"

Na dubi Baba. Ya fi ni sanin abin da na faɗa, shi ya koya mini. Amma musu da ɗan fari a gaban mutane ba abin da zai iya ba ne. Ya ce, "A bar shi shi yi," ya ɗauki butarsa ya fita. Ranar na ji haushin Yaya, na ji haushin Baba, na ji haushin kunyar ita kanta.

Aka kawo birkiloli daga Konni suka shafe zauren tas. Yaya ya sa suka ja layi-layi a jikin simintin don ya yi kama da duwatsun hotunansa. 'Yan gari suka yi ta sam barka, har da waɗanda suka san ƙarya ce.

Shekara ta biyu tsaga ta fito, siririya kamar gashi. Baba ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ya naɗe tabarmarsa ya koma gindin bedi, itacen dogonyaro, ya hana kowa zama a zaure, aka fasa wata ƙofa ta gefe. Na aika wa Yaya, ya aiko cewa hassada ke damuna.

A damina ta uku aka kwana biyu ana ruwa. Da hantsi simintin gabas ya ɓare ya faɗo gaba ɗaya. Ƙasar da ke bayansa ta zama kunu. Baka ɗaya ya saki, sauran ukun suka bi shi. Ba wanda ya ji ciwo. Amma tsufa ya riga ya hana Baba hawa gini, ni kuwa bango na iya, bakan nan bai taɓa yi mini daidai ba.

Ran Lahadi Yaya ya zo ya tsaya gaban kangon, hularsa a kai. Baba na zaune gindin bedi, ya kira ni.

"Ce mai, cikin hotunan nan nashi, ko da na zauren ga? In gwada maka yadda bakan yat tashi."

Tun dawowarsa Yaya yana yawo da na'urar ɗaukar hoto rataye a wuya. Ya buɗe akwatin hotunan, ya zauna yana juya su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Gada, majami'a, shi, shi, shi. Babu.