Ƙwanƙwasar da Ni Kaɗai Ke Ji

Shekarar da motar likitan shanu ta fara ƙwanƙwasa, ni kaɗai ce a Dakoro na san kunnen maigidana ya kama hanyar tafiya. Shi ma ya sani, amma ko da wasa ba mu taɓa zancen ba. Igwa ce ta cinye masa na hagu tun yana soja, can inda Faransawa suka kai su yaƙi, na dama kuma yana bin ɗan'uwansa a hankali. A sojan ya koyi tuƙi, da ya dawo aka ɗauke shi shofer na nasaran da ke yi wa shanu allura, wanda kowa ke kira Mushe. Shofer ɗin da ya riga shi, hakiya ce kawai ta fito masa a ido ɗaya, Mushe ya sallame shi a ranar. Saboda haka na iya bakina, na kuma koyi tsayawa a gabansa in zan yi magana, don ya ga leɓena.

Motar tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda yanzu ake ce wa akori-kura. A gindin aduwar ƙofar gidanmu take kwana, domin da an sallame asuba yake tayar da ita, ya ɗauki Mushe su bi rijiyoyin makiyaya. Wata safiya ta ɗari ya soka ƙarfen tayarwa ta gaba ya murɗa, inji ya kama, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikinsa. Kafin in ajiye tsintsiya in kai ƙofa, ƙarar ta ɓace.

Na ce, "Malam, motag ga tana wani kuka."

Ya ce, "Mi kinka sani ga mota? Turmi ce?"

Washegari na ja shi, na ce mu tsaya mu saurara, kamar ban san da wa nake ba. Munafukar mota ta tashi lafiya lau. Ya dube ni ya yi dariya, ni kuwa na koma ciki raina a ɓace. Bayan kwana biyu ta sake, sannan ta yi shiru kwana uku.

Hankalina ya ƙi kwanciya. In sun fita sai in kasa zama, in ɗauki daka in ajiye, in leƙa hanya, in dawo in tarar da miya ta kama. Abin da nake gani shi ne injin ya fashe musu a dajin Ɗan Gulbi, Mushe ya juyo ya ce, duk kwanakin nan ba ka ji ba? In kuma Malam ya kai ƙara garejin gwamnati a Maradi, tambayar farko ita ce wace irin ƙara take yi. Na zargi ranakun mako, na zargi isansin da ake zuba mata, wato fetur. Maƙwabciyata ta ce aduwa ba wurin kwanan ƙarfe ba ne, akwai masu ita. Na sa shi ya matsar da motar rana, ta ƙwanƙwasa a can ma, har da ƙari.

Man shanu ne ya fitar da ni. Kullum da safe nakan ɗebo masa a ɗumame daga wanda nake saya wurin wata Bafulatana. Ran nan cokali ya ƙi shiga, man ya daskare kamar sabulu, ina cikin kokawa da shi na ji ƙwas, ƙwas daga waje. Na tsaya da cokali a hannu. Na bi abin safiya biyar ban gaya wa kowa ba: ran da man ya yi tauri mota ta yi kuka, ran da ya yi laushi ta yi shiru.

Na ɗauki ƙwaryar man na dire a gabansa, na durƙusa inda zai ga bakina, na faɗa masa. Na shirya wa faɗa, sai bai yi ba. Ya daɗe yana danna man da yatsa, sannan ya miƙo mini bayan hannunsa.

"Ƙwanƙwasa mani nan, yadda kika jin ta."

Na ƙwanƙwasa.

"Awa cokali bisa tasa, ko awa taɓarya?"

"Taɓarya, amma ta gidan nesa."

"To ƙasa ne," in ji shi.

Safiyar ɗari ta gaba ya karɓi muciyata ta tuwo. Da inji ya kama na ɗaga masa hannu, ya dafa kan muciyar a jikin injin, ya ciji gindinta da turamen haƙoransa. Ya fara daga sama yana gangarawa. Da ya kai ƙasa na ga idonsa ya buɗe, ƙarar ta shiga masa ta ƙashi. Tausayinsa ya kama ni har na juya baya.

Ya yi mini bayani kamar ni ce Mushe. Baƙin mai yana kwana a wani kasko ƙarƙashin inji, sanyi yana sa shi kauri, kuma ta cikin wata 'yar rariya ake zuƙo shi sama. In rariyar ta toshe, man ya makara, ƙarfe ya bugi ƙarfe kafin ya iso. Ran Lahadi da babu fita ya kwance kaskon, ga rariya ta cushe da baƙin dauɗa kamar daddawa. Ya wanke ta da isansi, ya zuba sabon mai, ya ɓata mini zane guda da goge-goge.

Muka jira sanyi. Kwana huɗu man shanu yana laushi, ni ina tsine wa ɗumi. Ran na biyar cokali ya ƙi shiga. Ya murɗa ƙarfe, inji ya kama, bai ko kalli motar ba, fuskata yake kallo. Na saurara har ta ɗumama, na girgiza kai. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Ya ce, "Wanga ke kinka ji mani. Bakin rijiyar Rumbu hwa? Ɗiyan Hillani na bin bayan mota. In ina ja da baya ana ihu, wa za shi ji mani?"

Na gane aikin yake nufin ajiyewa. Na ce ba wanda ya sani, na rufa shekara biyu, zan rufa ashirin. Na tambaye shi abin da za mu ci. Da ƙarfi na yi maganar, har maƙwabta suka leƙo, abin da ban taɓa yi ba. Ya bari na gama, ya shiga ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ya ja motar zuwa gidan Mushe.

Kafin hantsi ya dawo a ƙasa. Na ji haushinsa, na ji haushin kunnena ninki biyu, na zauna ban yi masa sannu da zuwa ba. Ya tsaya a gabana ya ce in nemo masa fartanyarsa. Tsakiyar ɗari ne, babu abin nomewa ko'ina a ƙasar, amma na tashi na nemo masa.