Buhun Ƙudujin da Na Kai Dutse

Aujara

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Asabar, ana idar da salla, na saɓa buhuna na nufi tasha. Ba hatsi a ciki, ƙuduji ne zalla, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Damina uku ke nan yana cinye mini gona, ni kuwa na riga na yanke hukunci: takin shanun Malam Sale ne ya kawo mini shi.

Malam Sale taubashina ne, gonarsa tana iyaka da tawa. Na kai ƙararsa gaban dagaci, an sa zama ranar Litinin, kuma tun daga ranar matanmu suka daina aika wa juna tuwo. Da na ji a rediyo cewa masu binciken noma za su zauna hira da jama'a a Dutse, kowa ya zo da tambayarsa, sai na ce to, shaida ta samu.

Jahun zuwa Kiyawa

A-kori-kura ta sauke mu a Jahun bakwai saura kwata. Na sha koko da ƙosai, na shiga bas, maza gaba mata baya, kamar yadda aka tsara tun zuwan shari'a. Dab da Kiyawa muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya zunguri buhuna.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Shaida ce," na ce da shi.

Ya kwance, ya shinshina, ya dube ni da tausayi. "Ciyawa ka hau mota da ita?" Motar ta ɗauki dariya. Ni dai na san abin da na taka.

Takur, Dutse

Goma daidai ɗan acaɓa ya ajiye ni a Takur. Na zaci zauren taro zan gani, ashe gindin darbejiya ne, da benci da tabarmi da mai shayi a gefe. Wa zan hanga a bencin gaba? Malam Sale, ga babur ɗinsa a jingine. Ashe rediyo ɗaya muka ji.

"Bawana, ka iso?" in ji shi. "Ai da ka yi magana na goyo ka, kai da lauyan naka." Ya nuna buhun.

Mai jawabin wata Dakta ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta ce suna gwada sauya dawa da waken suya a gonar da ƙuduji ya kama, amma ba su gama ba, ra'ayinmu suke so. Ta zagaya da 'ya'yan ƙuduji a takarda, kamar ƙura, ta ce sukan shekara da shekaru a ƙasa suna jiran dawa.

Ana ba da damar tambaya na miƙe, na buɗe buhu, na zayyana laifin shanun wani bawan Allah.

"Baba, don Allah fara rufe buhun," in ji Dakta. "Yaushe kake cire ƙudujin?"

"In ya yi fure, lokacin ya fi ganuwa."

"Ina kake zubarwa?"

Bakina ya riga hankalina. "Tsallaken iyaka."

"Gonar wa?"

Malam Sale ya ɗaga hannu a hankali. "Ga mai gonar nan, Dakta."

Ta danne dariya, ta ce taki ai taimakon ƙasa yake. Wanda nake cillawa da 'ya'yansa shi ne irin baɗi, ruwa da iska su raba mana. Kuma gonar Malam Sale ce a tudu, ruwanta tawa yake gangarowa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba: damina uku ina shuka wa kaina da ɗan'uwana, sannan na kai shi ƙara.

A bayan taro aka cinna wa lauyana wuta.

Komawa

Bayan azahar Malam Sale ya tayar da babur. "Hau," kawai ya ce. Muka kama hanya har Kiyawa. A nan ya saya mana rake, ya ce Litinin ɗin ba sai mun dami dagaci ba, in same shi a gonarsa da fartanya da ashana.

Mun shiga Aujara kafin magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Dakta, na kuma gode wa Malam Sale da ya rufa mini asiri har zuwa ƙofar masallaci, inda ya fara ba jama'a labari. Da na shiga gida na tarar da kwanon tuwo daga gidansa, na dawa.