Malamin Lissafinmu Mai Sikeli

Allah ya jiƙan hedimastanmu, gwanin zaɓen malamai! Shekarun 1960, makarantar ƙauyenmu wajen Danja ta rasa malamin lissafi, sai ya ɗauko Malam Tanko, mai awon auduga a Funtua, wai aikinsa ƙidaya ne.

Ranar da mai duba makarantu ya zo tabbatar da shi, ya tambaye mu, "Goma da goma?"

Muka ce, "Sha tara!"

"Ina ɗayan?"

Malam ya rusuna: "Ranka ya daɗe, nauyin buhu. Ai ba a barinsa."

A ranar aka sallame shi.

Na tsufa a kasuwa, ban taɓa ganin ashirin ɗin manomi ta sauka daga sikeli cikakkiya ba. Jama'a, wa ya fi iya lissafi?